Kafson Gahawa Mai Sake Cikawa: Sharhi Daga Gonakin Arewacin Kano

A wasu otal-otal da manyan ofisoshi da gidajen masu hannu da shuni a Kano da Abuja, yanzu kana iya tarar da wata 'yar na'ura a kan tebur da ke haɗa gahawa cikin ƙasa da minti ɗaya. Ba a zuba mata gari da cokali. Wani ɗan ƙoƙo ake jefa mata wanda bai wuce girman goro ba, an cika shi da garin gahawa an liƙe bakinsa tun daga masana'anta. Shi ake kira kafso. Da ka danna maɓalli sai gahawa mai kauri da kumfa, irin wadda Italiyawa ke kira esfireso, ta zubo a kofi, shi kuma kafson ya faɗa kwandon shara. Kofi ɗaya, kafso ɗaya.

Da surutu ya yi yawa a Turai da Amurka kan tulin sharar da wannan ɗabi'a ke haifarwa, sai 'yan kasuwa suka fito da kafson da ake sake cikawa. Wani na roba ne, wani na ƙarfen da ba ya tsatsa. Kai za ka zuba garinka, ka danne, ka rufe, ka sha, ka wanke, gobe ka maimaita. Masu tallarsa alkawari uku suke yi: za ka rage kashe kuɗi, ɗanɗano ba zai canza ba, kuma za ka ceci muhalli.

Mai karatu da ke Bichi ko Ɗambatta ko Minjibir zai iya cewa, to ni ina ruwana, wa ke da wannan inji a ƙauyenmu? Gaskiya ne, da wuya ka same shi. Amma muhawarar da ake yi a kan wannan ɗan ƙoƙo ita ce dai muhawarar da ya kamata mu yi a kan ledar madara da ta Nescafé da ta fiya wata. Kuma sharar birnin Kano, kamar yadda kowane manomi a wannan yanki ya sani, a gonarsa take ƙarewa.

Abin da ke faruwa a cikin kafso

Wani injiniyan kamfanin Nestlé mai suna Eric Favre ne ya ƙirƙiro tsarin a Suwizalan a 1976, aka fara sayar da shi da sunan Nespresso a 1986. Matsalar da ya so warwarewa ta gaske ce. Esfireso tana da wuyar sha'ani: ana tura ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96 ta cikin danƙararren gari da matsin da ya kai bar 9, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Don ka gane ƙarfin wannan matsi, tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗoriya ake hura mata. Kuskure kaɗan wajen niƙa ko danna gari, sai gahawar ta fito salam ko ta yi ɗacin da ba ta shawuwa.

Dalilin haka yana cikin wata ƙa'ida da injiniyan Faransa Henry Darcy ya fitar a 1856, lokacin da yake gwada yadda ruwa ke ratsa yashi a garin Dijon. Manomi ya san ta ko bai san sunanta ba. Ruwan sama da ya sauka a jigawa nan da nan yake nutsewa, wanda ya sauka a laka ta fadama kuwa kwanciya yake yi. Girman ƙwayar ƙasa ne ya bambanta su. A lissafi, idan ka rage girman ƙwaya da rabi, gudun ruwan yakan ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Haka abin yake a garin gahawa. In ya yi tsaki-tsaki, ruwa ya wuce da gudu bai kwaso komai ba. In ya yi laushi fiye da kima, ya toshe, ruwan ya nemi wuri mai rauni ya fasa hanya, kamar yadda ruwan damina ke yanka kwari a gona ya bar sauran wurin. Wani bincike da aka buga a mujallar Matter a 2020, wanda masanin sinadarai Christopher Hendon na Jami'ar Oregon yake cikin marubutansa, ya nuna cewa niƙa gari ya yi laushi sosai yana rage abin da ake tatsowa daga cikinsa, saboda ruwan ba ya ratsa ko'ina daidai.

Kafson masana'anta ya kauce wa duk wannan. An niƙa garin daidai da injin, an auna gram 5 zuwa 6, an kori iskar oksijin, an liƙe. A cikin na'urar, wasu tsinin ƙarfe ne ke huda bayan kafson, famfo mai iya kai wa bar 19 ya tura ruwa, matsi ya taru har murfin alminiyam ɗin ya fashe a kan wani faranti mai ƙaya-ƙaya. Wato shi kansa murfin da ake jefarwa yana cikin kayan aikin injin.

Alkawarin ɗanɗano da na kuɗi

A nan ne kafso mai sake cikawa ya fara tuntuɓe. Na ƙarfe yana zuwa da ramukansa a buɗe, babu murfin da zai riƙe ruwa har matsi ya taru. Garin da ka zuba shi kaɗai ne birki. Ka ga ke nan duk wahalar da Favre ya ɗauke wa mai shan gahawa ta dawo masa: sai ka sami injin niƙa mai kyau, sai ka yi ta gwaji, kuma a ɗan ƙoƙon da ba ya ɗaukar fiye da gram 6, alhali esfireso ta gargajiya gram 7 zuwa 9 take so. Shi ya sa ƙorafin da aka fi ji daga masu amfani da shi shi ne gahawa ta yi ruwa-ruwa, ko injin yana ta gurnani yana ɗigo.

Sai batun ƙamshi. Da zarar an niƙa gahawa, iskar da ke ɗaure cikin ƙwayarta takan fara tserewa, oksijin kuma ya fara lalata man da ke ɗauke da ƙamshin. Waccan iskar ce ke yin kumfar da ake gani a saman kofi. Wanda ya sayi gari niƙaƙƙe ya buɗe ya ajiye a zafin watan Afrilu na Kano, kada ya sa ran kumfa bayan 'yan kwanaki.

Wasu masu ƙera kafson sun gane haka, sai suka koma sayar da ƙoƙo tare da murfin alminiyam mai gam da ake liƙawa a kowane kofi a jefar. Ɗanɗanon ya ɗan gyaru, amma sharar da aka ce an kora ta ƙofa ta dawo ta taga, sai dai ta ragu.

Alkawarin kuɗi shi ne ya fi tsayuwa da ƙafarsa. Tsarin kasuwancin irin na firinta da tawada ne: a sayar maka da inji da sauƙi, a riƙa cin riba a kan abin da kake zuba masa kullum. Idan ka lissafa kilo da kilo, gahawar cikin kafso ta ninka ta cikin jaka tsada sau da yawa. Kamfanonin ma sun san a nan ribarsu take. A 2014 kamfanin Keurig na Amurka, mai irin wannan tsari na gahawar da ba esfireso ba, ya fitar da sabon inji da ke ƙin karɓar kafson da ba nasa ba, har da mai sake cikawa. Masu saye suka yi ca, ciniki ya faɗi, a 2015 kamfanin ya janye ya dawo da shi. A wannan shekara ta 2014 kuma Nespresso ya fito da samfurin Vertuo wanda ke karanta wasu zane-zanen lamba a gefen kafso kafin ya yi aiki. Saboda haka wanda ya riga ya mallaki inji, kuma yana shan kofi biyu a rana, wato kafso 730 a shekara, babu shakka sake cikawa zai rage masa kashe kuɗi, musamman a ƙasar da ake shigo da kowane kafso da dala.

Lissafin daga gona zuwa bola

Alkawari na uku shi ne babba, kuma shi ne ya fi buƙatar a tsaya a duba. Kowa ya yarda tulin kafso abin ƙyama ne. John Sylvan, wanda ya ƙirƙiro kafson Keurig, ya shaida wa mujallar The Atlantic a 2015 cewa wani lokaci yakan ji ba daɗi da ya yi wannan ƙirƙira. A 2016 birnin Hambug na Jamus ya hana sayen kafson gahawa da kuɗin gwamnati a ofisoshinsa.

Amma masu bincike ba da ido suke auna illa ba. Suna da wata hanya da za mu iya kira lissafin daga gona zuwa bola: a bi abu tun daga nomansa, sarrafa shi, jigilarsa, dafa shi, har zuwa jefar da ragowarsa, a tara hayaƙin da ke ɗumama duniya da aka fitar a kowane mataki. A watan Janairun 2023 wasu masu bincike daga Jami'ar Kebek da ke Chicoutimi a Kanada suka wallafa irin wannan lissafi a kan kofi mai mililita 280. Sun kwatanta gahawar da ake tacewa da takarda, mai cin gram 25 na gari, da ta kafso mai cin gram 14, da wadda ake jiƙawa a tace mai cin gram 17, da mai narkewa nan take irin Nescafé mai cin gram 12. Sakamakon ya ba mutane da yawa mamaki. Wadda ake tacewa ce ta fi fitar da hayaƙi, mai narkewa ce ta fi ƙaranci, kafso kuma yana tsakani.

Dalilin ba boyayye ba ne. Kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari na hayaƙin kofin gahawa a gona ake fitar da shi, wajen takin zamani da ban ruwa da sarrafawa. A lissafinsu, noman gram 11 na gahawa a Birazil yana fitar da kimanin gram 59 na hayaƙi, yayin da ƙera kafso ɗaya da kai shi juji yake fitar da kimanin gram 27. Wato ɓarnar gari ta fi ɓarnar mazubi nauyi. Haka ma a ɓangaren ruwa: masu bincike biyu a Holan, Chapagain da Hoekstra, sun ƙiyasta cewa kofin gahawa ɗaya yana cin kimanin lita 140 na ruwa, kusan duka a gona, shayi kuwa kimanin lita 34.

Me wannan ke nufi ga kafso mai sake cikawa? Abu biyu. Na farko, ɓangaren da yake gyarawa shi ne ƙarami. Na biyu, ribar tasa tana iya zubewa cikin sauƙi. Ƙarfen da aka ƙera shi da shi ya fi na kafson jefarwa nauyi nesa ba kusa ba, don kafson alminiyam bai wuce kusan gram ɗaya ba. Sai an yi amfani da na ƙarfen sau da yawa kafin ya biya bashin ƙera shi. Wanda ya saya da zumuɗi, ya gwada sati biyu, ya gaji da wanki ya jefa a durowa, ya ƙara wa duniya shara ne kawai. Wanda kuma gahawarsa ke fitowa salam har sai ya haɗa kafso biyu a kofi ɗaya, ya ninka ɓangaren da ya fi illa don ya rage wanda bai kai shi ba.

Inda lissafin ya tsaya

Har zuwa nan muna tare da masu binciken Kanada. Amma a lura da kalma ɗaya a cikin lissafin nasu: juji. Jujin da suke nufi rami ne da injiniyoyi suka tsara, an shimfiɗe ƙasansa, mota na zuwa ƙofar gida ta kwashi shara a ranar da aka sa, a binne ta nesa da abincin mutane da na dabbobi. A irin wannan tsari, da zarar leda ta shiga rami, labarinta ya ƙare a takarda. Ma'aunin ma hayaƙi kawai yake gani. Ba ya ganin akuya, ba ya ganin kunya.

A arewacin Kano labarin daban ne. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa J. Wilson sun wallafa nazarinsu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1965 a kan yankin da ke kewaye da birnin Kano, inda jama'a suka yi cunkoso fiye da mutum 140 a kowace murabba'in kilomita, gona na manne da gona, ana nomawa kowace shekara babu hutu. Tambayar da ta ɗaure wa masana kai ita ce, yaya aka yi ƙasa mai yashi irin wannan ba ta mutu ba? Amsar ita ce babu abin da ake zubarwa. A shuka gero da dawa haɗe da wake da gyaɗa. A ɗaure tumaki da awaki a turke, a ba su harawa da karmami. A kwashe kashinsu da tokar murhu da sharar tsakar gida a kai gona da rani. Jakuna su shiga birni da itace, su fito da mangalar taki. A shekarun 1990 Frances Harris ta auna shige da ficen sinadaran ƙasa a gonakin Tumbau da ke yankin Gezawa, ta nuna yadda wannan zagaye na harawa da dabba da taki, haɗe da ƙurar hunturu, yake riƙe da ƙarfin gona. A 1995 kuma C. P. Lewcock ya buga nazari kan yadda manoman kewayen Kano ke sayen sharar birni a matsayin taki.

Wannan tsari ya yi aiki ne saboda sharar da can duk mai ruɓewa ce: ganye, toka, ɓawo, fasasshiyar ƙwarya, kashin dabbobi. Yau tifa ce ke kawo abin da jaki ke kawowa, kuma duk wanda ya bi hanyar Ɗambatta ko ta Bichi a watan Maris ya ga tsibin taki a gonaki yana ƙyalli da leda baƙa da fara. A wannan yanki, gona ita ce jujin ƙarshe.

Leda ba ta ruɓewa. Rana ce ke gasa ta har ta yi rauni ta kakkarye, garma ta juya ta cikin ƙasa, ta zama ɓurɓushin da babu mai iya tsincewa. A yankin Shinjiyang na Sin, inda aka shafe shekaru ana rufe gonakin auduga da leda, bincike ya nuna ragowarta a ƙasa na hana ruwa da saiwa tafiya yadda ya kamata, amfanin gona kuma na raguwa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi gargaɗi kan wannan matsala a rahotonta na 2021. Manomin da ya tara ledar ya cinna mata wuta lokacin sharar gona, shi da 'ya'yansa ne ke shaƙar hayaƙin.

Sai dabbobi. Da rani, idan aka saki awaki da tumaki ciyawa ta ƙare, ledar da ke da ɗanɗanon gishiri ko mai ko madara abinci ce a wurinsu. Tumbinsu ba ya narkar da ita. Takan dunƙule ta cika wurin da abinci zai zauna, dabba tana ci tana ramewa. Likitocin dabbobi a Zariya da Maiduguri da Sakkwato sun buga nazarce-nazarce daga mayanka da ke nuna yawaitar leda a tumbin tumaki da awaki da shanu, mahauta ma ba sa buƙatar a gaya musu. A ƙauyukanmu akuya ita ce asusun mace. Idan ta mutu, kuɗin magani ko na kayan ɗakin 'ya ne ya tafi, kuma takin da za ta bayar ya tafi tare da ita. Babu layin da aka ware wa wannan asara a lissafin hayaƙi.

Namu kafson

Idan kafso yana nufin mazubin da aka auna wa mutum ɗaya, sha ɗaya, a jefar, to mun daɗe da namu. Kamfanin da ke yin madarar Cowbell ya shigo Najeriya a 1993 da dabarar ƙulla madarar gari a 'yar leda, sauran kamfanoni suka bi sahu. Yau madara, Milo, Nescafé mai haɗe da sukari da madara, tumatir, omo, man shafawa, duk akwai na sha ɗaya ko wanki ɗaya. Daga Kasuwar Singa ake lodinsu zuwa kowane teburin mai shayi da kowane shagon ƙauye.

Ta fuskar shara, wannan 'yar leda ta fi kafson alminiyam muni. Alminiyam yana da daraja. Narkar da tsohonsa na cin kusan kashi 5 cikin ɗari kacal na wutar da ake buƙata wajen yin sabo, kuma a Kano 'yan jari-bola na saye, maƙera na zuba tukwane da shi. Ledar madara da ta Nescafé kuwa shimfiɗa-shimfiɗa ce, roba da siririn alminiyam a manne, raba su ya fi kuɗin abin da za a samu. Babu mai saye, don haka babu mai tsincewa. Abin lura a nan shi ne, gahawa mai narkewa, wadda ta zo ta ɗaya a lissafin Kanada, ita ce a wajenmu take zuwa cikin mazubin da ya fi dawwama a gona.

Sake cikawa kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mudu da tiya da gwangwanin awo, kwalbar man gyaɗa da yarinya ke zuwa da ita daga gida, ƙwaryar nono, gwangwanin madara da ake dafa alala a ciki, kwalbar lemo da ake mayarwa a kires, tukunyar gas da ake kaiwa a cika, duk tsarin sake cikawa ne. Mai shayin da ke sayen babban gwangwani yana ɗiba da cokali, yana zubawa a kofin da zai wanke, ya riga masu kafson ƙarfe isa inda suke son zuwa, kuma ba da injin da ke jan wat 1,200 ko fiye ba, wanda ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba.

Sai dai adalci ya sa a faɗi dalilin da leda ta yi nasara. Mutumin da ke samun kuɗinsa kullum-kullum ba zai iya sayen babban gwangwani ba. Leda a liƙe tana kare gari daga danshin damina da ƙuda. Tana kuma kare mai saye daga algus, don wanda ya sayi madarar awo bai san me aka gauraya mata ba. A wurin da ruwan rijiya ke iya ɗauke da kwalara, fiya wata mai rajistar NAFDAC ba kwalliya ba ce. Waɗannan su ne dai abubuwan da kafson Favre ya sayar: awo daidai, sabo kullum, babu wahala. Duk mai kiran a koma sake cikawa bai tanadi amsar waɗannan ba, zai gamu da abin da kafson ƙarfe ya gamu da shi, a yaba masa a baki, a bar shi a durowa.

Sharuɗɗan da sake cikawa ke buƙata

Daga labarin kafson gahawa ana iya fitar da ma'auni huɗu da za a gwada kowane tsarin sake cikawa da su. Shin mazubin zai zagaya sau da yawa har ya biya kuɗin ƙera shi? Shin abin da ke ciki zai tsira daga lalacewa da ɓarna, tunda shi ne ya fi tsada ga aljihu da muhalli? Shin akwai ruwa mai tsabta na wanki? Shin mai ƙaramin ƙarfi zai iya sayen na yau kaɗai? Kwalbar lemo ta cika dukkan huɗun, saboda kamfani ne ke wankewa ya liƙe, kuma kwalbar tana da kuɗi a kanta, babu mai yar da ita. Kafson ƙarfe ya dogara ne ga haƙurin mai shi a sharaɗi na ɗaya da na biyu.

Hani kaɗai ba ya wadatarwa. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, kuma sun ga canji saboda sun bi dokar da aiki. Jamhuriyar Nijar ta yi tata dokar a 2014, amma har yau leda na rataye a ƙayoyin Maraɗi da Damagaram. Legas ta hana mazubin abinci na soso a Janairun 2024. A Kano, aikin da ya fi kusa da hannu shi ne raba shara kafin ta bar birni. Hukumar REMASAB da masu tifa da manoman da ke saye duk suna kan layi ɗaya, kuma takin da aka tace ledarsa kaya ne da manomi zai fi so. Su kuma kamfanonin da ke cin ribar 'yar leda, ya dace a ɗora musu kuɗin tattara ta, yadda ledar za ta yi daraja a idon ɗan jari-bola. Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta suna da ɗalibai da gonakin da za a iya auna yawan ledar da ke cikin kowace tifar taki da kowace kadada. Irin wannan adadi ne zai sa hukuma ta saurara.

Hukunci

Ga wanda ya riga ya sayi injin, yana shan gahawa kullum, yana da abin niƙa da haƙurin gwaji, kafso mai sake cikawa sayayya ce mai ma'ana. Ya zaɓi na ƙarfe, ya riƙe shi shekaru, ya tara tukar garin ya haɗa da takin gida ta ruɓe kafin ya zuba wa shuka, don ɗanyenta kan hana ƙananan tsiro girma. Idan kuma na jefarwa yake amfani da shi, ya fasa ya zubar da garin, ya tara alminiyam ɗin ya ba 'yan gwangwan.

Ga wanda bai saya ba, kada kafso mai sake cikawa ya zama hujjar sayen inji. Magani ne na cutar da injin da kansa ya kawo. Butar gahawa da citta da kanumfari, ko tukunyar shayi, ba su taɓa buƙatar wannan magani ba. In ana son a taimaki manomi ma, akwai gahawa da shayin da ake nomawa a tsaunin Mambila a Jihar Taraba.

Ga masu bincike 'yan uwanmu kuma, lissafin daga gona zuwa bola kayan aiki ne mai kyau, amma an gina shi ne a ƙasashen da gona take gabas, bola take yamma. A Kunci da Makoɗa da Dawakin Tofa wuri ɗaya ne. Kafin mu ɗauko sakamakon wani mu ce wannan mazubi ya fi wancan, mu fara tambaya: idan an gama da shi, a gonar wa zai kwana, kuma akuyar wa za ta ci?